Icce Tun Yana Ɗanye: Haƙƙin Ƙananan Yara a Kan Gida, Unguwa da Hukuma

  

Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar makarantar boko ranar da aka koma karatu cikin watan Oktoba ya san abin da za mu faɗa. Iyaye na riƙe da hannun yara ƴan shekara shida ko bakwai, an yi musu aski da kitso, an rataya musu jaka, wasu na murna wasu na kuka. Da an shiga ajin farko, wanda ake kira CI, malami zai raba alli da ƙananan alluna, kuma kafin mako biyu ya riga ya gane yaransa. Ga wanda ya iya riƙe alli, yana ƙirga ƴan yatsunsa har goma, in an ba da labari ya maimaita shi daga farko har ƙarshe. Ga kuma wanda bai taɓa riƙe abin rubutu ba, in babba ya yi masa magana sai ya sunkuyar da kai, domin a gida bai saba jin komai daga manya ba sai aike ko tsawa. Shekarunsu ɗaya, watakila unguwarsu ma ɗaya, kuma Allah bai rage wa na biyun basira ba. Abin da ya raba su ya faru ne cikin shekaru biyar ko shida da suka gabaci wannan rana.

Malamin da ke da yara sittin ko saba'in a gabansa ba shi da halin tsayawa ya jira na baya. Ta haka ratar da ta fara kamar taƙi take zama kamu, kamu ya zama gaba, har ranar da uba zai ce yaron nan ba shi da kan karatu, gara ya bi shi gona ko kasuwa. Haƙiƙa an yanke wa yara da yawa wannan hukunci kan laifin da ba nasu ba ne.

Abin da alƙaluma suka nuna

A shekarar 2014 shirin auna ilimi na ƙasashe masu aiki da Faransanci, wanda aka sani da PASEC, ya jarraba ɗaliban firamare a ƙasashe goma na Afirka. Nijar ce ta zo ƙarshe. Cikin yaran da suka kai ajin ƙarshe, wato CM2, waɗanda suka iya karanta rubutu su fahimce shi gwargwadon yadda ake bukata ba su kai ɗaya cikin goma ba. Da aka sake gwajin a 2019 an samu ci gaba mai daɗin ji, sun kai kimanin uku cikin goma. Amma ma'anar wannan ita ce bakwai cikin goma sun shafe shekaru shida a kan benci ba su mallaki karatu ba.

Masana ilimi sun daɗe da gano cewa wannan cuta daga tushe take kamawa. Yaron da bai iya haɗa baƙaƙe a aji ɗaya da aji biyu ba, da wuya ya kamo daga baya, domin daga aji uku ana amfani da karatu ne a koyi lissafi da tarihi da sauran fannoni. A ƙarshen shekarun 2010, alƙaluman hukumar UNESCO sun nuna cewa yaran Nijar da ke shiga makarantar share fage, wadda muka fi sani da jardan, ba su kai ɗaya cikin goma ba, akasarinsu kuwa ƴan birni ne. Alhali kusan rabin mutanen ƙasar ba su kai shekara 15 ba, kuma binciken da aka yi a 2021 ya nuna mace guda na haihuwar ƴaƴa shida da ɗoriya a tsakaici. Ashe kuwa maganar ƙananan yara maganar kusan kowane gida ce.

Shekarun da ba su dawowa

Likitoci sun tabbatar cewa ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba ta yin girma a wani lokaci kamar yadda take yi a farkon rayuwa. Kafin yaro ya cika shekara biyar ko shida, girmanta ya kai kusan kashi 90 cikin 100 na ta baligi. Suna kuma ba da muhimmanci na musamman ga kwanaki 1,000 na farko, daga ɗaukar ciki zuwa cikar yaro shekara biyu. Wannan lissafi ba baƙo ba ne gare mu, tun da Alƙur'ani Mai girma ya ambaci shekaru biyu cikakku ga mai son cika shayarwa.

Ginin ƙwaƙwalwa yana bukatar abinci da lafiya kafin komai. Binciken abinci da ake yi a Nijar ya sha nuna cewa fiye da yara huɗu cikin goma ƴan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure saboda tamowa mai daɗewa, jihohin Maradi da Damagaram kuwa, duk da su ne rumbun ƙasa, suna cikin waɗanda abin ya fi tsanani. Tsumburewa ba ta tsaya ga gajarta ba, tana rage kuzarin tunani da riƙe abu. Haka masassarar cizon sauro mai yawan dawowa, da ƙarancin jini, da gudawa, da rashin sinadarin aidin a gishiri.

Saboda haka uwar da ta ba jaririnta nono zalla har wata shida, sa'an nan ta wadata kununsa da ƙuli-ƙuli ko garin wake, ta sa masa zogale ko kuka da ɗan ƙwai in ya samu, karatu take shuka masa. Uban da ya tabbatar an kammala rigakafi, an kwana cikin gidan sauro, an karɓi maganin kariya daga masassara da ake raba wa yara ƴan wata 3 zuwa 59 kowane wata a lokacin damina, ya biya kuɗin makaranta na farko ke nan tun yaro bai san hanyar makaranta ba.

Gida ne aji na farko

Akwai wani bincike da ya cancanci kowane uba ya ji labarinsa. A 1986 da 1987, a unguwannin talakawa na birnin Kingston a ƙasar Jamaika, likita Sally Grantham-McGregor da abokan aikinta sun ɗauki yara 129 da suka tsumbure, masu wata 9 zuwa 24. Wasu an riƙa ba su ƙarin madara. Wasu kuma ma'aikaciyar lafiya ta unguwa ce ke ziyartar gidansu sa'a guda kowane mako har shekara biyu, tana nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da ɗanta, ta yi masa magana, ta kira masa sunayen abubuwa, ta yaba masa in ya yi daidai. Kayan wasan daga tarkacen gida ake yin su. Bayan shekaru 20 aka sake neman yaran, sun zama magidanta. Sakamakon da aka buga a 2014 ya nuna cewa waɗanda aka yi wa ziyarar wasa suna samun kuɗin shiga da ya ɗara na takwarorinsu da kashi 25 cikin 100, har sun kamo waɗanda ba su taɓa tsumburewa ba. Ƙarin madarar shi kaɗai bai bar irin wannan tasiri mai nisa ba.

Abin da ma'aikatan nan suka koyar, kakanninmu sun san shi. Tatsuniyar dare da kaka ke buɗewa yara su amsa, tana koya wa yaro sauraro da bin labari daki-daki, ta cika masa baki da kalmomi. Kacici-kacici na wasa hankali. Waƙar gaɗa da tafi suna koyar da jerin sauti, wanda shi ne matakin farko na rarrabe baƙaƙe. Carafke da dara lissafi ne. Motar kara da ƴar tsana da tukwanen laka suna horar da ƴan yatsun da gobe za su riƙe alƙalami. Uwar da ke tsintar wake ta ce wa ɗiyarta ta ware farare daga jajaye ta ƙirga mata goma-goma, ta yi darasin da malamar jardan ke yi da kayan da aka sayo da tsada. Babu ɗaya cikin waɗannan da ke bukatar uwa ta iya boko ko ta kashe dala guda.

Abin takaici, wannan gado yana sulalewa daga gidajenmu. Talabijin da salula sun cinye hirar bayan isha'i, har ta kai ana miƙa wa ɗan shekara biyu waya domin ya yi shiru. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa kada a zaunar da yaron da bai kai shekara biyu ba gaban allon kallo, mai shekara biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce sa'a guda a yini. Dalili shi ne yaro na koyon magana daga wanda ke amsa masa, ya yi gwaranci a mayar masa, ya nuna abu a faɗa masa sunansa. Waya kuwa zuba take yi, ba ta saurare.

Sai maganar iyaye maza, kuma da kanmu muke. Da yawa cikinmu mun ɗauka cewa yaro na mata ne har sai ya isa aike, muna ganin zama da shi a tabarma zubar da girma ne. Wannan al'ada ce, ba addini ba. Ya tabbata cewa Manzon Allah (SAW) ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama, yana sumbatar jikokinsa a gaban mutane, yana kuma taƙaita salla in ya ji kukan jariri domin tausayin uwarsa. Umarnin a sa yara salla ma sai a shekara bakwai ya fara, abin da ke nuna cewa shekarun da suka gabata na sabo ne da lallashi da koyi da manya. A jihar Damagaram, tun ƙarshen shekarun 2000, an ga yadda makarantun mazaje da aka kafa da tallafin hukumar UNFPA suka sa magidanta zama suna tattauna lafiyar iyalinsu, mata masu zuwa awo suka ƙaru. In maza sun iya zama domin awon ciki, za su iya zama domin tarbiyyar abin da aka haifa.

In uwa ta sani

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta cikin ƙasar Gobir a 1754, a yankin da yau ke cikin jihar Tawa, ya yi kakkausar suka ga malaman zamaninsa da ke karantar da almajirai a zaure su bar matansu da ƴaƴansu mata cikin jahilci. Ɗiyarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kafa tsarin Ƴan Taru, inda take horar da jajis, su kuma su koma ƙauyuka su karantar da mata ta hanyar waƙoƙin ilimi cikin harshen da suke ji. Ta gane cewa abin da ya shiga kan uwa ya shiga gida duka.

Wannan darasi bai tsufa ba. Yarinyar da aka cire daga makaranta tana aji huɗu, bayan ƴan shekaru ita ce malamar farko ta jikokinmu. Ƙungiyoyin iyaye mata masu kula da tarbiyya da ke jikin makarantu da yawa, da makarantun Islamiyya na matan aure, da ajin yaƙi da jahilci, dukansu wurare ne da ya dace a riƙa koyar da renon hankalin yaro tare da tsarki da salla.

Sai dai kada mu ɗora wa mata abin da ya fi ƙarfinsu. Tun daga farkon shekarun 2010, wani shirin tallafi da gwamnatin Nijar ta gudanar da taimakon Bankin Duniya ya riƙa ba matan gidaje masu rauni jika goma kowane wata har shekara biyu, a wasu ƙauyuka kuma aka haɗa da taron wata-wata da ziyarar gida kan abinci, tsabta da wasa da yara. Da aka auna sakamakon a jihohin Doso da Maradi, an ga iyaye sun gyara yadda suke kula da yara, halayyar yaran da zamansu da mutane ta inganta, amma ba a ga canji a tsayinsu ko a gwajin basirarsu ba. Abin da muka fahimta shi ne nasiha na aiki, amma ba ta maye gurbin ruwa mai tsabta, da gidan likita mai magani, da makaranta a kusa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Makarantar allo: dukiyar da ke hannunmu

Mu da muka tashi a gidan liman, muka buɗe ido muka ga zaure cike da alluna, mun san cewa ƙasar Hausa ta mallaki makarantar ƙananan yara ƙarnoni kafin zuwan boko. Tana kowace unguwa, iyaye sun amince da ita, kuɗin Laraba bai gagari talaka ba. Kolo ɗan shekara huɗu ko biyar yana koyon zama cikin jama'a, da sauraro, da hadda. Daga babbaƙu ya wuce farfaru, ya gane cewa kowane zane yana da sauti, ya iya riƙe alƙalami da tsoma shi a tawada. Yaron da ya fahimci wannan a allo, rabin wahalar CI ta sauka daga kansa.

Amma gaskiya ɗaya ce, kuma mu ne muka fi cancanta mu faɗe ta. A zaure da yawa ƙananan su ne a gefe, an bar su hannun wani titibiri da bulala, suna rera abin da ba a tsaya an gyara musu ba. Babu ruwan sha, babu makewayi, babu lokacin wasa. Mun ga yaran da tsoron dorina ya sa suka ƙi karatu har girmansu. Mafi muni shi ne ɗaukar yaron da bai iya wanke jikinsa ba a kai shi wani gari almajiranci, ya wuni da ƙoƙo a hannu. Neman ilimi ibada ne, amma ciyar da ƙaramin yaro da tufatar da shi wajibi ne a kan ubansa, kuma ba ya faɗuwa don an miƙa shi ga malam.

Ƴan'uwanmu Musulmin gaɓar tekun Afirka ta Gabas sun fuskanci irin wannan. A tsakiyar shekarun 1980 shugabanninsu a Mombasa ta ƙasar Kenya suka lura cewa ƴaƴansu na baya a firamare. Da taimakon Gidauniyar Aga Khan aka buɗe makarantar share fage ta farko a jikin madarasa a 1986, tsarin ya isa Zanzibar a 1990, ya isa Yuganda a 1993, har makarantun suka haura 200. Jama'ar unguwa ce ke ba da ɗaki, ta zaɓi matan da za a horar su zama malamai daga cikinta, ta kafa kwamitin kula da kuɗi. Yara na koyon addu'o'i da ladubba da baƙaƙen Larabci, tare da ƙirga da zane da labarai da wasa. Ɗakunan Islamiyyarmu da yawa a rufe suke daga safe zuwa azahar. Ba mu ga abin da zai hana su zama irin wannan wuri ba.

Harshen da yaro ke mafarki da shi

Wani dutse da ke gaban ɗan CI shi ne harshe. Ana so ya koyi karatu da sabon harshe a lokaci guda, alhali ko ɗaya ya isa aiki. A gwajin PASEC na 2014, ƙasar da yaranta suka fi kowa a farkon firamare ita ce Burundi, inda ake fara karatu da harshen Kirundi da yara ke ji a gida. Nijar ma tana da tsohon sani a nan, domin tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa da Faransanci a Damagaram. A watan Maris na 2025 kuma, kundin da ke tafiyar da ƙasa ya ayyana Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki.

Iyaye da yawa na auna jardan da yawan waƙoƙin Faransanci da yaro ke rerawa, ko da bai san ma'anarsu ba. Mu sauya ma'auni. Mu tambayi yaro labarin da aka ba su yau, mu ga ko zai iya kawo shi. Wanda ya ƙoshi da harshen uwarsa, Hausa ne ko Zabarmanci ko Fulatanci ko Barbarci ko Buzanci, shi ne ke saurin ɗaukar Larabci da Faransanci daga baya, domin ya riga ya san yadda magana ke ginuwa.

Abin da unguwa za ta iya

Tun 2004, a jihar Tawa, wani shiri da hukumar haɗin gwiwa ta ƙasar Japan ta tallafa ya nuna cewa kwamitin kula da makaranta, wanda aka sani da COGES, yana aiki matuƙar an zaɓi shugabanninsa ta hanyar ƙuri'ar sirri, an tsara aikin shekara a gaban taron gari, an kuma karanta lissafin kuɗi a fili. Daga baya aka yaɗa tsarin a ƙasa baki ɗaya, kuma ta hannun irin waɗannan kwamitoci ƙauyuka da dama suka buɗe jardan na al'umma da tallafin UNICEF, suka ɗauki ɗan gari ko ƴar gari mai ɗan ilimi tana kula da yara.

Mu yi lissafi a matsayin misali. In gidaje 60 suka amince kowane ya ba da dala ɗari a wata, an tara jika 30. Wannan zai ba malama ɗan alheri, ya sayi sabulu da alli, amma ba zai gina ɗaki ba, ba zai horar da ita ba, kuma a shekarar da damina ta gaza shi ne abin da za a fara yankewa. A nan mawadatan unguwa da ƴan kasuwa da ƴan ci-rani ke da wurin shiga. Mun saba gasa wajen gina masallaci na biyu da na uku a layi ɗaya, alhali ɗakin karatun yara mai rufin kwano da randar ruwa da makewayi shi ma sadaka ce mai gudana, kuma ana iya tsayar masa da wakafi na shago ko gona da zai riƙa biyan malama.

Haƙƙin da ke kan hukuma

Dokar tsarin ilimi ta 1 ga Yuni 1998 ta sanya makarantar share fage cikin ilimin tushe. A taron duniya na Dakar a 2000, kula da ƙananan yara shi ne buri na farko cikin shida da ƙasashe suka ɗauka. Shirin ilimi na shekaru goma da aka fara a 2003 ya ƙara yawan yara a firamare ƙwarai, sai dai kason share fage ya kasance kaɗan. A taron Tashkent na 2022 ƙasashe sun amince su nufi ware aƙalla kashi 10 cikin 100 na kuɗin ilimi ga wannan mataki. Maƙwabta sun nuna abin mai yiwuwa ne: Senegal ta fara gina ɗakunan ƙananan yara a ƙauyuka tun farkon shekarun 2000 zamanin Shugaba Abdoulaye Wade, Gana kuma ta sa shekaru biyu na share fage cikin ilimin dole a dokarta ta 2008.

Ba za mu rufe wannan babi ba sai mun tuna 2021. Ranar 13 ga Afrilu gobara ta tashi a azuzuwan zana a unguwar Pays-Bas ta Yamai, yara kimanin 20 suka rasu, akasarinsu ƴan jardan. Ranar 8 ga Nuwamba irinta ta auku a Maradi, aƙalla yara 25 ƴan shekara biyar zuwa shida suka riga mu gidan gaskiya. Allah Ya sa masu ceto ne, Ya ƙara wa iyayensu haƙuri. Bayan haka gwamnati ta hana sanya ƴan share fage cikin azuzuwan zana, a lokacin da hukumomi da kansu ke ƙiyasta irin waɗannan azuzuwa a kan kimanin 36,000. Iyayen nan sun yi abin da ake roƙon iyaye su yi, sun kai ƴaƴansu makaranta. Wanda ya kira mutane su kawo amanarsu, wajibi ne ya tanadi wurin da za ta tsira.

Abin da muke nema ga mahukunta a bayyane yake. Na farko, aƙalla shekara guda ta share fage kyauta a jikin kowace firamare, cikin ɗaki na gini, a fara da karkara. Na biyu, horo na musamman ga masu koyar da ƙananan yara, da biyan su a kan lokaci, ƴan kwantaragi ne ko na al'umma. Na uku, littattafan labarai masu hotuna cikin harsunanmu. Na huɗu, a riƙa mayar wa gidajen likita kuɗin maganin yara ƴan ƙasa da shekara biyar da aka ayyana kyauta tun 2006, domin jinkirin biya ya sha barin kantocinsu wayam. Na biyar, a ɗauki malaman allo da na Islamiyya abokan aiki, a horar da su, a taimaka musu da ruwa da makewayi.

Kafin Oktoba mai zuwa

Ya ku iyaye, ba sai mun jira a cika waɗannan bukatu za mu motsa ba. Yaron da ke da shekara uku yau ba zai tsaya yana jiran kasafin kuɗi ba. Mu yi masa takardar haihuwa tun da wuri, domin rashinta na tare yaro a ƙofar jarrabawa. Mu ware masa ko da rubu'in sa'a kowane dare, a kashe talabijin, a ajiye salula, a ba shi labari a kuma bar shi ya ba da nasa. In ya dame mu da tambaya mu amsa, domin tambayar nan ita ce alamar ƙwaƙwalwa na aiki. Mu leƙa zauren da muke tura shi, mu ga inda yake zama da wanda ke biya masa. In an kira taron iyaye a makaranta mu je da kanmu, mu tambayi lissafi, mu kuma ba da namu. Limamai su ba wannan magana huɗuba guda cikin shekara, ƙungiyoyin mata su sa ta cikin darasinsu.

Magabata sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Sau da yawa mun fassara wannan da bulala, alhali manomi ya san ɗanyen icce ruwa yake so da taki da shinge daga awaki, sa'an nan a juya shi a hankali inda ake so ya nufa. Ranar da za a tambaye mu game da kiwon da aka ba mu, waɗannan ƙananan suna cikin lissafi.

Allah Ya shirya mana zuriyarmu, Ya sanya su sanyin idanunmu, Ya ba shugabanninmu ikon sauke nauyin da ke kansu, mu kuma Ya ba mu ikon sauke namu. Amin.